Foklif mai batir ko mai dizal: wanne ya dace da siton shinkafa?

Mai Sito: Assalamu alaikum. Sito ne rufaffe mai daɓen siminti, ana aikin awa shida a rana, wani lokaci a fita fili a sauke tirela. Foklif, wato motar ɗaga kaya, mai ɗaukar tan 2.5 ake so. Wanne za a saya?

Injiniyan Lantarki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda abinci ne a rufaffen wuri, mai batir ya fi, don hayaƙin dizal yana taruwa ya cutar da leburori, buhuna ma su kama wari. Amma fara duba wutarka. Cajar irin wannan batir galibi wuta mai layi uku take sha, kuma batir mai ruwa yana son cajin kusan awa takwas ba yankewa, sannan ya huce. In mai volt 48 ne, gida 24 gare shi, kowanne volt 2. Kada a bari ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, kuma bayan caji, domin in aka cika kafin caji sai asid ya tumbatso ya ci ƙarfen akwatin. Ruwan rijiya kuwa kashe batir yake yi. A yi caji inda iska ke ratsawa, saboda yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta.

Bakanike: Gaskiya ne, Injiniya, sai dai in da janareto za a riƙa caji, ai dizal ɗin aka ƙona ta bayan gida. Mai dizal yakan sha lita biyu zuwa uku a awa, a cika tanki cikin minti biyar a koma aiki. Ana juye baƙin mai kusan duk awa 250. Da hunturu a hure matatar iska da lagireto kullum, in ba haka ba inji ya yi zafi. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar mai, shi ke lalata nozul mai fesa mai cikin inji.

Direban Foklif: Alhaji, filin sauke tirelar daɓe ne ko turɓaya? Ƙananan masu batir cikinsu kusa da ƙasa yake, tayarsu ba ta iska ba ce, da damina sai su kafe a taɓo. In turɓaya ne, a zuba kankare tukuna.