Wa ya taɓa sa wa robot sensar kafasita don ya gane bakin tebur?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramin robot mai taya biyu da Arduino Uno (ƙaramin allon da ke sarrafa shi), aikin ƙarshen zango ne. So nake ya yi yawo a kan tebur kada ya faɗo, kuma ya kauce wa abin da ya tare masa hanya. Da TCRT5000 na fara, sensar da ke haska tebur ta auna hasken da ya dawo, amma teburin da za a gwada mu a kai baƙi ne wuluk, sai sensar ta riƙa ɗaukar baƙin a matsayin rami, robot ya tsaya cak ya ƙi gaba. Wani ya ce in gwada sensar kafasita, wadda ke jin kusancin abu ta canjin cajin lantarki. Na yanka fallen aluminiyam santimita 5 da 5 na liƙa a ƙarƙashin hancinsa, na sa resisto megohm 10 tsakanin fin 4 da fin 2 na Arduino, da laburaren kod na CapacitiveSensor. In kebul ɗin USB na jone da kwamfuta, komai lafiya. Ina cirewa na koma batir, lambobin da nake gani ta bulutut sai su kwanta kamar ba a yi komai ba. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya taimaka.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Wannan ramin ni ma na faɗa cikinsa, sati biyu ina zargin resisto ashe ba ruwansa. Kafasita fa faranti biyu ne. Fallenka ɗaya ne, ɗayan kuma tebur ne ko hannun mutum, kuma dole a samu hanyar da caji zai koma. Lokacin da kake jone da kwamfuta, GND ɗinka, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, yana da alaƙa da ƙasa ta cajar kwamfutar. A kan batir kuwa robot ɗin yana shawagi ne, bai jingina da kowa ba. Abin da na yi: na shimfiɗa wani falle babba a ƙarƙashin jikin robot, wajen tayoyi, na haɗa shi da GND, na bar tazara kamar yatsa biyu tsakaninsa da fallen sensa. Nan take lambobi suka farfaɗo, ko da yake ba su kai na USB ba.

Sai ka kuma yi lissafin nan ka ga ƙanƙantar abin da kake aunawa. Falle 5 da 5 a tazarar milimita 5 daga teburin ƙarfe bai wuce pikofarad 4 da ɗoriya ba (pikofarad ɗan mitsitsin ma'aunin kafasita ne). Ka ɗaga shi zuwa santimita 1, rabi ya tafi. Ma'ana in robot ɗinka yana ɗaga hanci duk lokacin da ya tashi da gudu, sensar za ta rantse ta ga bakin tebur. Nawa haka ya riƙa yi, ya taka ya ja da baya, ya taka ya ja da baya, kamar akuya a bakin rijiya. Sai da na mayar da batir gaba ya danne hancin.

Malama_Hauwa:
Ɗan_Fagge, teburin naku na mene ne? Nan ne maganar take. Ina koya wa yara 'yan sakandare haɗa irin waɗannan abubuwa ranar Asabar. Mun gama namu a watan Agusta, ruwa ana yi kusan kullum, muka gwada a kan teburin katako ya yi aiki ba tangarɗa: yana zuwa baki lamba ta faɗi, ya juya. Muka ajiye shi a akwati. Ranar baje koli ta faɗo a Janairu, tsakiyar hunturu, tebur ɗin nan dai, ba mu taɓa kod ba ko harafi ɗaya. A gaban iyaye ya miƙe ya wuce baki ya faɗo kan siminti, taya ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujerar shugaban makaranta. Yarinyar da ta yi solda ɗinsa har kuka ta yi.

Daga baya na gane katako yana shan laima da damina, da hunturu kuma ya bushe ƙayau. A ma'aunin yadda abu ke ƙara wa kafasita ƙarfi, ruwa yana wajen 80, iska 1, busasshen katako kuwa bai yi nisa da iska ba. To bambancin "akwai tebur" da "babu tebur" ya ragu har ya kasa kai lambar da muka kafe a kod. Laifina ne da na rubuta lamba ɗaya na ce ita ce iyaka har abada. Yanzu in an kunna, robot yana tsayawa daƙiƙa biyu a tsakiyar tebur ya auna, ya riƙe wannan a matsayin tushe, sannan yana neman faɗuwar da ta zo farat ɗaya. Canjin da ke zuwa a hankali kuma sai tushen ya bi shi.

Ɗan_Fagge:
Malama, na katako ne da aka lulluɓe da fomaika baƙa. Gabana har ya faɗi da na karanta labarinki.

Sani_Solda:
Kafin komai ka duba moto. Ka ɗaga robot sama, ka kunna tayoyi suna juyawa a iska, ka kalli lamba. In tana tsalle, hayaniyar moto ce. Ka sa kafasita 100nF a bakin kowane moto, ka murɗe wayoyinsa biyu tare, wayar sensa kuma ta zama gajeriya, kada ta bi kusa da L298N, allon da ke tuƙa moto. Kuma ka ɗaure ta. Waya mai lilo ita ma sensa ce.

Ɗan_Maraɗi:
Ni don gane abin da ya tare hanya na yi amfani da sensar kafasita, da allon ESP32 a madadin Arduino, tun da yana da fin na taɓawa guda 10 a jikinsa, ba sai ka nemi resisto ba. Ka lura dai a ESP32 na asali lamba sauka take yi in abu ya matso. Na naɗa tef ɗin tagulla a goshin robot na sake shi a tsakar gida. Ƙafar mutum yana jinta kafin ya taɓa. Ƙofar ƙarfe ma haka. Amma bokitin roba na uwargida, in babu komai a ciki sai ya rafke shi ya yi ta turawa har bango. In an cika shi da ruwa, bokitin nan dai, sai ya tsaya ya kauce. Kwali busasshe kuwa kamar babu shi a duniya. Saboda haka ban cire HC-SR04 ba, sensar da ke auna nisa da sauti, ita ke ganin nesa. Ta kafasitar tana rufe mata 'yan santimitan nan na kusa, don HC-SR04 ba ta gani ƙasa da santimita 2, kuma labule da soso suna shanye mata sauti.

Injiniya_Zazzau:
Ɗan_Maraɗi ya tuna mini. Falle yana ji ta fuska biyu, har da bayansa inda batir da wayoyi suke. In ka toshe bayan da GND sai ya rage maka ƙarfin. Maganin shi ne garkuwa mai bin sensa: falle na biyu a baya da ake ba shi irin wutar da ke kan na gaba, don haka babu cajin da ke ratsawa tsakaninsu. NASA ta yi wannan tun tuni a cibiyarta ta Goddard don hannun robot, suka sa masa suna Capaciflector. FDC1004, guntun auna kafasita na kamfanin Texas Instruments, yana da tashoshi 4 da fin na garkuwar a ciki, ta I2C (hanyar sadarwa mai waya biyu) ake magana da shi. Na yi oda ɗaya, bambancin a bayyane yake. Amma don aikin zango ɗaya ban ce ka kashe kuɗinka ba.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na sa fallen GND, na sauke sensa zuwa milimita 3, na yi awon farko irin na Malama. A teburin ƙarfe na shagon Baba sau 20 na sake shi bai faɗo ba. A na fomaika ya faɗo sau 3, dama na shimfiɗa katifa a ƙasa. Duk ukun a kusurwa ne, in ya zo a karkace taya tana riga falle fita. Gobe zan raba fallen biyu, dama da hagu, kowanne gaban tayarsa.

Malama_Hauwa:
Ka kuma rage gudu. Laburaren yana ɗaukar lokaci in ka ce ya yi awo da yawa kafin ya ba ka lamba, robot kuma ba ya jira. Ranar gwaji ka je da wuri ka kunna shi a kan teburin nasu, kuma kada ka bari kowa ya jingina da tebur lokacin da yake awon farko.