Neman kalma: me za mu kira mai cafe ƙwallo a wasan Amurkawa?

Mai Makirfo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wuri ya ƙure mini. Gobe Asabar da yamma ina da shirin wasanni a wata tashar rediyo nan Akra, kuma shugaban sashe ya ɗora mini minti goma a kan ƙwallon Amurkawa. Tun watan Mayun 2022 hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwallon Amurkawa, ta ba ƙungiyar Philadelphia Eagles izinin tallata kanta a Gana, a watan Yuni kuma aka yi sansanin gwajin matasa nan ƙasar, shi ya sa yaran Nima suka fara tambaya. Labarin da zan bayar shi ne na A.J. Brown, wanda Eagles suka ɗauko daga Tennessee Titans a watan Afrilun 2022, suka ba shi kwantiragin dala miliyan 100 na shekara 4, da irin burin da magoya baya suka ci a kansa kafin wasan farko da Detroit Lions jibi Lahadi, 11 ga Satumba, 2022. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: *wide receiver* da *offense*. Na rubuta "mai karɓa", na karanta da ƙarfi, sai na ji kamar mai karɓar kuɗin mota a tasha. A taimaka.

Ɗan Fagge: Ka ce risiba kawai. 'Yan gaba kuma su ne offense. An gama.

Hajiyar Fassara: Ɗan Fagge, risiba ai tana da mai ita. Ka ce an sayi risiba dala miliyan 100, kowa zai ɗauka ta tauraron ɗan'adam ce da ke ƙarƙashin talabijin, ya ce wace tasha take kamawa haka. Ni dai "mai cafewa" nake gani. Karɓa hannu da hannu ake yi. Abin da aka jefo daga nesa, cafe shi ake yi.

Baba na Filadelfiya: Hajiya ta yi gaskiya a ta farko, amma 'yan gaba ba za ta yi ba sam. Shekara 19 ina tuƙa tasi a garin nan, ko ba ka so sai ka iya wasan, don fasinja ba ya da wata hira daga Satumba zuwa Janairu. Offense mutum 11 ne gaba ɗayansu, su ke shiga fili idan ƙwallo na hannun ƙungiyarsu. Da ƙwallo ta koma hannun abokan karawa sai su fita, wasu 11 daban su shigo. A cikin 11 ɗin nan akwai ƙarti 5 da suke jeruwa a gaba, irin su Jason Kelce da Lane Johnson, aikinsu kare mai jifa da buɗa hanya. Su ne a gaban, amma ba su ne masu ci ba. In ka ce 'yan gaba, mai sauraro zai hango lamba 9 ne.

Mai Makirfo: To Baba, "masu kai hari" fa?

Baba na Filadelfiya: Ta fi. Ka ce rukunin masu kai hari da rukunin masu tsaro. Ka ƙara musu da cewa sau 4 ake ba su dama su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta bar hannunsu.

Malam Nahawu: Kun yi sauri. Kafin a yi maganar reshe a duba tushe. Harshen nan yana da hanyar gina sunan mai aiki tun kafin a haife mu: noma manomi, ƙira maƙeri, ɗinki maɗinki, rubutu marubuci. Me ya kai mu jan "mai kaza" kamar yaron da ke koyon magana? Daga cafe sai a samu macafi, jam'i macafa. Gaɓa uku, ta zauna a baki, ta zauna a kanun labari. "Sabon macafin Eagles." Ku faɗa ku ji. Na daɗe ina ba ɗalibaina wannan misalin.

Ɗan Fagge: Na faɗa na ji Malam. Matsafi na ji.

Hajiyar Fassara: Wallahi nima abin da ya zo mini ke nan. A rediyo, ga ƙarar janareta ga hayaniyar kasuwa, tsohuwa za ta ji an ce ƙungiya ta ɗauko sabon matsafi a kan dala miliyan 100. Kuma ba za ta yi mamaki ba, don ta san 'yan ƙwallo.

Malam Nahawu: Wannan laifin kunne ne, ba laifin kalma ba. Da haka ake yi da an daina cewa fari saboda fara.

Na Damagaram: Ni ina da tambaya tun daga sama. Me ya sa ake ce masa ƙwallon ƙafa? Na kalla sau ɗaya a Yamai, awa uku, ban ga ƙafa ta taɓa balo ba sai sau nawa. Zari-ruga ne wannan, a ce masa zari-ruga a huta.

Baba na Filadelfiya: A'a ɗan'uwa. A zari-ruga ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. A na Amurkawa an yarda a jefa gaba sau ɗaya a kowane yunƙuri, kuma wannan jifan shi ya haifi aikin da muke neman wa suna. Ba jifan gaba, ba mai cafewa. Akwai ma wani a Eagles ɗin, Jordan Mailata, ɗan Ostireliya, daga zari-ruga ya fito, sai da aka koya masa wasan daga farko. Ka ce ƙwallon Amurka kawai, ka bar ƙafar.

Malam Nahawu: "Balo" kuma? Ga irinta nan. Muna neman tsarkake harshe ana shigo mana da Faransanci ta taga.

Na Damagaram: Malam, da girmanka. Ku da kuke cewa gola da fenariti da kofin duniya, kofin nan a Kano aka ƙera shi? Aron Ingilishi Hausa ne, aron Faransanci kuma ƙazanta? Kullum haka kuke yi mana, in kalma ba ta bi ta Ƙofar Nasarawa ba, ba Hausa ba ce.

Ɗan Fagge: To ai ba mu muka ce a daidaita da ta Kano ba, samu muka yi.

Ɗan Zongo: Ku yi ta yi. Mu na Gana kun gama yanke mana hukunci tuntuni, wai ba mu san mace ba mu san namiji ba a magana. Amma shirin nan a Akra za a yi shi, mutanen Nima da Sabon Zongo za su saurara. In Mai Makirfo ya ce macafi, wallahi waya za a bugo a tambaye shi ko lafiya.

Mai Makirfo: Jama'a don Allah. Ƙarfe 11 na dare ne a nan, kuma rubutun nan sai na miƙa shi da safe.

Hajiyar Fassara: A dawo kan magana. Baba, ka ba shi abin da mutanen garin suke faɗa a kan yaron, wataƙila kalmar ta fito daga can.

Baba na Filadelfiya: To bari in ba ku. Garin nan sun sha wuya a wannan gurbi. Rabon da wani mai wannan aiki ya ci musu yadi 1,000 a kaka ɗaya tun Jeremy Maclin a 2014. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 2020 suka zaɓi Jalen Reagor a lamba 21, Minnesota Vikings suka ɗauki Justin Jefferson a lamba 22, wanda ya zama tauraro. Har yau in kana son fasinja ya manta ba ka tukwici, ka tuna masa wannan. Makon jiya ma aka sallama Reagor ɗin, kuma ina aka kai shi? Vikings. A bara, kakar 2021, Eagles sun ci wasa 9 an cinye su 8, kuma ba ƙungiyar da ta kai su cin yadi da gudu a duk gasar, amma da suka je wasan sili-ɗaya-ƙwale Tampa Bay ta lallasa su 31 da 15, don an tare hanyar gudu an ce to ku jefa mu gani. Shi ya sa daren da aka sanar da Brown wani fasinja ya rungume ni ta bayan kujera muna kan jan wuta. Yaron ya haura yadi 1,000 a 2019 da 2020, ga jiki, in ya cafe sai an taru a kansa kafin ya faɗi. Ga DeVonta Smith a ɗaya gefen, wanda ya ci yadi 916 a shekararsa ta farko, ga Dallas Goedert a tsakiya. Tsofaffi suna tuna 2004 da aka kawo Terrell Owens suka kai wasan ƙarshe. Amma abin da ake ta nanatawa a rediyon garin shi ne: yanzu mai jifa Jalen Hurts ba shi da uzuri. An tara masa makamai, in bai jefa daidai ba a bana, to matsalar tasa ce.

Hajiyar Fassara: Tsaya Baba. Makamai ka ce? Haka suke faɗa?

Baba na Filadelfiya: Haka suke kiransu, makaman mai jifa.

Hajiyar Fassara: To ga wata nan ta faɗo da kanta. Kama, makami. Mai kamawa ke nan, kuma ga ma'anar da su masu wasan suke nufi. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Malam Nahawu: Hajiya, kin san dai ba kalma ɗaya ba ce. Makami na yaƙi sautinsa duk a sama yake. Na mai aiki kuwa sai ya sauka a tsakiya, kamar maɗinki. A rubuce ba mai bambancewa tunda ba ma sa alamar karin sauti. Kuma ki lura, ƙa'idar da kuka yi wa macafi dariya a kanta ita kika ɗauko yanzu.

Hajiyar Fassara: Ban taɓa faɗa da ƙa'idar ba Malam, da matsafin nake faɗa.

Ɗan Fagge: Ku bar wahalar da kanku. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana ina yau? Kowa kwamfuta yake cewa. Bugun daga kai sai mai tsaron gida, kafin mai sharhi ya gama faɗa an buga an ci. Yaran nan da suke kallo a waya risiba za su ce ko mun so ko mun ƙi.

Malam Nahawu: Jirgin sama fa? Yanar gizo fa? Mai tsaron gida fa? Waɗanda suka ƙirƙiro su da sun saurari irinka da yanzu ba mu da komai sai kwaikwayo. Kalma tana rayuwa ne in an samu mai ƙarfin halin faɗinta a rediyo sau goma. Macafi ba ta rasa komai ba sai wannan.

Na Damagaram: In carafke ake nema, 'yan matan unguwarmu sun fi Brown ɗin nan iyawa. A ce ɗan carafke mana.

Ɗan Zongo: Dala miliyan 100 a carafke! Da yayata ta yi arziki.

Mai Makirfo: Ba wanda ya taɓa mini *wide* ɗin fa.

Baba na Filadelfiya: Gefe ne kawai. Yana tsayawa can kusa da layin gefe, nesa da cunkoson ƙartin, da an fara sai ya sheƙa ta hanyar da aka tsara masa, ya juyo ƙwallo na isowa. Ka ce na gefe sau ɗaya, sauran ka bar shi.

Mai Makirfo: To ga abin da na rubuta: "Magoya bayan Eagles sun zuba ido su ga ko rukunin masu kai hari zai sauya salo a bana, bayan zuwan A.J. Brown, mai cafewa na gefe, sabon makami a hannun mai jifa Jalen Hurts." Malam, ka yi haƙuri, macafi ba ta shiga ba. Ba raini ba ne, tsoron wayar masu sauraro nake yi.

Malam Nahawu: Shirinka ne. "Mai cafewa" ba kuskure ba ce, raggon gini ce dai. Amma ka cire "a hannun", mutum ba ya zama a hannun mutum. Ni a ajina macafi zan ci gaba da cewa.

Hajiyar Fassara: Makami yana zama a hannu Malam. Ka bar masa.

Mai Makirfo: Na dawo da rahoto. An yi shiri lafiya. Mutum uku suka bugo, biyu sun tambayi inda za su kalla, ɗaya ya ce yadin da nake ta faɗa na shadda ne ko na atamfa. A minti na bakwai kuma bakina ya suɓuce na ce risiba, sau ɗaya.

Ɗan Fagge: Na faɗa muku.

Baba na Filadelfiya: An tashi wasa, Eagles 38, Lions 35. Brown ya cafe 10, yadi 155. Amma ku ji, duk cin da masu kai harin suka yi sau 4 da gudu suka shiga da ƙwallon, Hurts bai jefa ko ɗaya an cafe a gidan ci ba. Gobe da safe rabin fasinjojina za su ce an samu gwarzo, rabi su ce har yanzu yaron bai iya jifa ba.

Malam Nahawu: Macafin ya yi ƙoƙari.

Mai Makirfo: Baba, "gidan ci" ka ce? Shugaban sashe ya ce in ci gaba duk mako, kuma Asabar mai zuwa sai na faɗi *touchdown*.

Malam Nahawu: Wannan ina da ita tuntuni. Bari in idar da sallah.