Shukar da na dasa a akwatin kifina tana ruɓewa, a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da akwatin gilashi mai cin ruwa lita 60, da ƙananan kifayen guppy takwas a ciki. Makonni uku da suka wuce na sayo shuke-shuken cikin ruwa, Anubias biyu da Java fern ɗaya, na tona yashi na binne su sosai kamar dashen tumatir. Yanzu ganyen Anubias sai yin ɗorawa yake. Jiya da na taɓa ɗaya sai ya tsinko a hannuna, gindin ya yi laushi har da wari. Gilashin kuma ya yi kore shar da gansakuka. Akwatin yana bakin taga, fitilarsa a kunne daga asuba har na kwanta. Ko in zuba ɗan takin zamani da ya rage mana na gona? A Kano nake.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan uwa ka ajiye takin nan. Yuriya tana rikiɗa ta koma amoniya a cikin ruwa, sai ka wayi gari kifin duk sun yi rigingine a sama. Ba yunwa ke damun shukarka ba, binnewa ce. Ciro ta ka duba gindin, za ka ga wani abu a kwance mai kama da ɗanyar citta, ganye na fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasa. Wannan ba a rufe shi da yashi, ruɓewa yake yi. Sa reza ka yanke duk inda ya yi laushi har ka kai wuri mai tauri, sannan ka ɗaure sauran da zare a jikin dutse. Saiwar za ta kama da kanta. Java fern ma haka ake yi masa. Ita Anubias ɗin ai 'yar gida ce, a bakin rafukan kurmi na kudancin Najeriya da Kamaru take fitowa, manne da duwatsu a cikin inuwa.

Amsa ta biyu: To ka ji, a inuwa. Kai kuma ka haɗa mata rana da fitila. Janye akwatin daga taga, fitila awa 6 zuwa 8 ta isa. Kowane mako ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo. In na famfo ne, ya kwana a bokiti tukuna don kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Ka rage abinci ma, ragowarsa ce ke ciyar da gansakuka.

Amsa ta uku: Ni da kainuwa na yi maganin tawa. Guda uku na jefa a sama, ta yi inuwa, saiwarta ta zuƙe dattin ruwan, 'ya'yan guppy ma a ciki suke ɓuya.

Amsa ta huɗu: Hajiya, a yi hattara da ta kududdufi. Na taɓa ɗebowa ban wanke ba, kafin wata dodon koɗi ya cika min akwati. A ajiye ta mako biyu a bokiti daban, kuma kar a bari ta rufe saman ruwan gaba ɗaya. Sai batun zafi: waɗannan shuke-shuke sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, Kano kuwa a Afrilu tana taɓa 40. Buɗe murfin, ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan. Kar ka jefa ƙanƙara, kifi ba ya son sanyin farat ɗaya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na ciro su, ɗaya ta ruɓe gaba ɗaya, ɗayar na ɗaure ta. Amma bayan ganyen Java fern akwai ɗige-ɗige masu duhu a jere, shi ma in yanke?

Amsa ta farko: A'a, bar shi, irinsa ne ba cuta ba. Anubias kuwa sai ka yi haƙuri, takan yi makonni kafin ta fid da sabon ganye guda.