Mujalla ta karɓi maƙalata, amma kuɗin buɗe ta ga kowa ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibar digiri na uku ce a fannin lafiyar al'umma. Wata mujalla mai suna ta karɓi maƙalata bayan gyare-gyare, alhamdulillahi. Sai dai zaɓi biyu suka ba ni: ko in biya kuɗin wallafa kowa ya karanta kyauta, ko a buga ba tare da na biya ko sisi ba, amma sai wanda jami'arsa ke biyan kuɗin mujallar zai iya buɗewa. Kuɗin kam ba ni da shi. Abin da ke ci mini rai, a kan ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci na yi aikin, su kuwa ba su da hanyar shiga irin waɗannan mujallu. Malamin da ke duba aikina ya ce in bar ta a rufe, sunan mujalla ake kallo. Ga kuma wata mujallar da ke ta aiko mini da imel, wai za ta buga cikin mako guda a kan kuɗi kaɗan. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani ma'aikacin ɗakin karatu:
Wa alaikumus salam Malama, barka da arziki. Kada ki sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka tukuna, ki fara karanta ta layi bayan layi. Biyu suka nuna miki, amma akwai na uku. Maƙalarki siffa uku gare ta: wadda kika tura da farko, wadda aka karɓa bayan kin yi gyaran masu tantancewa, da wadda mawallafa suka tsara da tambarinsu da lambobin shafi. Ta ƙarshen ce suke ƙanƙamewa. Ta tsakiyar, wato fayil ɗin da ke cikin kwamfutarki yanzu, mujallu da dama sun yarda marubuci ya ajiye ta a rumbun jami'arsa na intanet, wasu nan take, wasu sai bayan wata 6 ko 12 ko ma 24. Abin da ke ciki ɗaya ne, ado ne kawai ya bambanta. Wannan ba wayo ba ne: sanarwar Budapest ta 2002, wadda ta fayyace manufar buɗe bincike ga kowa, hanyoyi biyu ta ambata, kuma ajiye kwafi da kanka shi ne na farko. Ki nemi sunan mujallar a Open Policy Finder, wanda a da ake kira Sherpa Romeo, za ki ga wace siffa suka yarda a ajiye, a ina, kuma yaushe. Idan jami'arku ba ta da rumbu, akwai rumbun Zenodo da cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta buɗe a 2013, kyauta ne, yana kuma ba aikin lambar DOI, wato lambar dindindin da ake gano shi da ita a intanet. Ki dai tabbata sharuɗɗan mujallar sun halatta shi, don wasu rumbun jami'a kaɗai suka yarda da shi.

Wata likita mai bincike:
Ƙanwata, kada kuɗin ya sa ki ga kamar ke ce kika gaza. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya, manyan jami'o'i ma kuka suke yi. Ki rubuta wa ofishin mujallar ki nemi a yafe miki ko a rage. Mawallafa da yawa suna yafe wa marubutan ƙasashen da ke cikin jerin Research4Life, shirin da ke sauƙaƙa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi samun mujallun bincike. Amma kada ki sa rai sosai, don yafiyar ta fi aiki a mujallun da duk maƙalunsu a buɗe suke, taki kuwa mai haɗa buɗaɗɗe da rufaffe ce. Ni irin waɗannan ba na ba su kuɗina: su karɓa a hannun ɗakunan karatu, su kuma karɓa a hannun marubuci.

Wani editan mujalla:
Ta imel ɗin nan ki guje ta. Kafin in sami masana biyu da za su yarda su duba maƙala ma, sau da yawa makonni sun shige, kuma galibi ba a biyansu. Wanda ya yi miki alkawarin mako guda ba ya nufin kowa ya karanta aikinki. Idan kuma suka buga, janyewa sai ya zama jidali, mujallar kirki ba za ta sake karɓar abin da aka riga aka wallafa ba. Ki riƙe wadda ta karɓa. Maƙalarki ta gaba kuwa, ki duba DOAJ, kundin mujallun da ke buɗe ga kowa, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Mafi yawan mujallun da ke cikinsa ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu, jami'o'i da ƙungiyoyin masana ne ke ɗaukar nauyinsu.

Wani malamin jami'a:
Ku yi wa malaminta adalci. Sanarwar DORA ta 2012 ta ce a daina auna mai bincike da ƙimar mujallar da ya buga a ciki, cibiyoyi da yawa sun sa hannu, amma a kwamitocin ƙarin girma har yau sunan mujalla ne ke fara magana. Ɗaliba ce, ba ita za ta gyara wannan da maƙalarta ta farko ba. Shawarar ɗan'uwa na ɗakin karatu ta yi mini, don ba ta raba ta da sunan ba, ba ta kuma hana ma'aikatan jinyar karantawa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, sun yarda a ajiye bayan wata 12. Saura abu ɗaya: editan mujallar da ta karɓi maƙalata ya ce in bayyana inda za a sami bayanan da na tattara. Hirarraki ne da ma'aikatan, wasu sun faɗi abubuwa a kan shugabanninsu.

Likitar ta sake cewa:
To a nan ki taka a hankali. Shawarar UNESCO ta 2021 kan buɗaɗɗen bincike ita kanta ta yarda a taƙaita bayanai don kare sirrin mutane. Ki koma ga takardar amincewa da suka sa wa hannu. Idan ba ta ce za a saki hirar ga jama'a ba, ba ki da ikon saki. Goge suna kaɗai bai isa ba, domin asibitin da ungozoma ɗaya ce a cikinsa, ambaton wurin ya riga ya fallasa ta. Ki saki jerin tambayoyinki da yadda kika rarraba amsoshi, ki rubuta wa editan cewa hirarrakin suna hannunki, kuma sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike za a ba wanda ya nema. Kafin wata 12 ɗin su cika, ki rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da harshen da ma'aikatan ke ji, da kalmominki, ki aika musu.