Noti ya karye min a rufin mota wajen ɗaura kariya

Mai tambaya, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Motata 'yar Kwatano ce, na sayo mata ƙarafan kariya guda biyu na ɗora kaya a rufi saboda but ba ya ɗauke kayan iyali idan za mu gida da sallah. A saman rufin akwai 'yan murafan roba huɗu, biyu kowane gefe, idan ka ɗaga sai ka ga tsohon noti a ciki. Uku sun kwance lafiya. Na huɗun, na baya ta ɓangaren direba, ya ƙi motsi. Na ƙara masa ƙarfi da sifana mai lamba 10, sai na ji ya yi laushi, kan ya biyo sifanar, gindin ya zauna a ciki daidai da bakin ramin. Ga damina ta kawo kai. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa min yadda ya fita.

Direban haya, Kano zuwa Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye injin huda tukuna. Ni da hakan ta same ni hanzari na yi, na ɗora bakin injin a kan guntun ba tare da na buga masa alama a tsakiya ba. Bakin ya zame gefe, ya cinye haƙoran ramin, ya zarce ya huda ƙasa. Ban san ɓarnar da na yi ba sai da aka yi ruwan farko, silin motar ya jiƙe, fasinjan baya ya ce ruwa na ɗigo masa a kafaɗa. Sai da aka sauke silin gaba ɗaya, kuma warin danshi ya yi makonni bai fita ba.

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Alhaji, ba ƙarfinka ne kaɗai ya karya shi ba. A Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ke sa tsatsa ta kama waɗannan notuna, kuma ramin nan wuri ne da ruwa ke kwanciya ƙarƙashin roba shekara da shekaru. Notin mai kan 10 yawanci M6 ne, kaurinsa milimita 6 kacal, bai kai fensir ba. Wannan laushin da ka ji, ƙarfen ne ke murɗewa kafin ya tsinke. A nan ake tsayawa.

Ga yadda nake yi a gareji. Sai na kankare tsatsar sama, na zuba masa mai, WD-40 ko kananzir da ɗan man giya, na bar shi ya kwana. Kada wani ya ce ka zuba man birki. Muna sa shi a notin ƙasan mota, amma a rufi fenti zai ci maka. Da safe na samu ƙusa mai tsini na riƙa buga gefen guntun a hankali zuwa ɓangaren kwancewa. Tunda kan ya fita babu abin da ke danne shi, tsatsa ce kawai ta riƙe, sau da yawa a nan yake juyowa.

Idan ya ƙi, to sai huda. A buga alama a tsakiya sosai, a fara da baki mai milimita 2 ko 3, a naɗa salatif a jikin bakin don a san inda za a tsaya. Idan an samu bakin da ke huda ta hagu ya fi, domin yana cikin ci sai ya kama guntun ya kwanto shi. Iyakar kaurin bakin da za a huda M6 da shi milimita 5 ce, daga nan sai a bi da ƙarfen yanka haƙora a share ramin. Wancan ƙarfen mai murɗaɗɗen baki da ake sayarwa don zaro karyayyen noti, ni na daina sa shi a ƙaramin noti. Ya taɓa karye min a ciki, kuma ya fi bakin injin tauri, yini guda na yi a kansa.

Mai walda, Panteka, Kaduna:
Oga ya faɗi gaskiya, amma ni duk wanda ya zo min da guntun da ya ɗan leƙo sama, washa nake ɗorawa in ɗiga walda ta tsakiya, in ɗora wani noti a kai in haɗe su. Zafin da kansa yake fasa tsatsar, idan ya huce sai ya kwanto. Sai dai rufi ba injin ba ne. Ƙarfensa siriri ne, ƙarƙashinsa soso ne da wayoyi, kuma motoci da yawa jakar iskar gefe, mai kare fasinja lokacin haɗari, a nan take naɗe, tun daga gaba har baya. Ba na taɓawa sai an cire batir, an ja silin ƙasa, an lulluɓe gilashi da jiƙaƙƙen buhu. Tartsatsi ɗaya ya taɓa ɓata min gilashin mai mota, ni na biya.

Mai mota, Gusau:
Nawa daban ne. Notin bai karye ba, na cikin ne da aka liƙa a jikin rufin ya ɓalle, sai duka biyun suka riƙa juyawa tare. Mai gyaran bodi ya cire shi, ya buɗe ramin zuwa milimita 9, ya matse wani noti da ake dannawa kamar rifit. Ya shafa fenti a bakin ramin da gam kafin ya sa. Damina biyu ke nan babu yoyo, amma na rage kayan da nake ɗorawa, don hankalina bai kwanta da shi kamar na asali ba.

Hajiya mai kai atamfa ƙauye:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni matsalata bayan ɗaurawa ta zo. Yaron da ya ɗaura min ya sa bututu a sifana ya danne, wai don kada ta motsa. Muna hanya da diloli a sama muka faɗa rami, noti ɗaya ya tsinke, kariyar ta karkace, Allah ne ya kiyaye na bayanmu. Daga baya ɗana ya duba littafin motar, ashe kilo 75 aka yarda a ɗora, har da nauyin ƙarafan kansu. Mu mun ninka haka.

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. An riga an miƙe notin tun wurin ɗauri, ramin ƙarasa shi kawai ya yi. Yawancin kariya ɗaurinsu bai wuce 4 zuwa 6 ba a ma'aunin Nm, wato ƙarfin tsintsiyar hannu da gajeriyar sifana. A nemi noti mai 8.8 (lambar ƙarfinsa) a rubuce a kansa, a shafa masa ɗan giris, kada tsawonsa ya wuce na asali don zai tokari ƙasa. Bayan tafiyar kilomita kamar 50 a tsaya a sake taɓa su.

Tsohon direba, Katsina:
'Ya'yana, a zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ba mu san wannan ba. Rufinta yana da indararo a gefe, nan ƙafar kariya ke kamawa, noti a waje yake kana ganinsa. In ya karye ka jefar ka sa wani.

Mai tambaya, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana biyu na yi ina zuba masa mai safe da yamma. Bugun ƙusa bai motsa shi ba, sai na kai wa makanike. Ya buga alama, ya sa baki mai milimita 3 na hagu, bai kai rabi ba guntun ya biyo shi, haƙoran ramin lafiya lau. Mun sa sababbin notuna huɗu da washar roba a ƙarƙashin kowace ƙafa. Na kwarara bokiti biyu a rufin, na shiga na shafa silin, a bushe yake. Jibi in sha Allahu za mu kama hanya, zan tsaya a Funtuwa in sake duba ɗaurin.