Layin zebra ne ke jawo gosulo, ko mu direbobi ne?

Direban_Bas:
Assalamu alaikum. Bas nake ja. An zana layin zebra a gaban wata makaranta da ke kan hanyata, tun daga nan kullum da safe layin motoci sai ya kai har shataletalen da ke baya. Abin da ya ɗaure mini kai, masu tsallakawar ba su wuce biyu ko uku a lokaci guda, amma da na ɗaga ƙafa daga birki sai wani ya sako tasa. Zanen ne matsalar?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam, Malam. Zuwan da suke yi ɗaiɗai ne ke cin ka. Idan layi na tafiya, hannu ɗaya na titi, wato mai ɗaukar jerin mota ɗaya, kan fitar da mota guda duk sakan 2, kimanin 1,800 ke nan a awa. Masu saita danja kuma sukan ɗauka mutum na cin mita 1.2 a sakan, to titi mai faɗin mita 12 sai ya ci sakan 10. Mota biyar ke nan ba su wuce ba a kowane hannu, ban da ɓata lokacin tashi, wanda bas ɗinka ya fi ƙaramar mota jan ƙafa a kansa. Da yara talatin za su tsallaka a tare, ɗan abin da za su ƙara kan sakan 10 ɗin kaɗan ne. Shi ya sa wurin da ke da jama'a ya fi dacewa da danja mai maɓalli, ta tara su ta sake su gaba ɗaya.

Maman_Ilham:
Injiniya, wannan mita 1.2 ɗin tafiyar mai jini a jika ce. Mahaifiyata da sandarta, danja na canzawa tana tsakiyar titi. Ni dakalin nan na tsakiya ya fi mini, ka tsallaka rabi, ka tsaya, ka duba ɗaya ɓangaren.

Direban_Bas:
To a yi musu gadar sama mana, kowa ya huta.

Injiniya_Sani:
Gaskiyarki, Hajiya. A Ingila akwai danjar da ake kira Puffin, tana da na'urar da ke ganin mutum na kan titi, sai ta ƙara masa lokaci. Gada kuwa, Malam, mai keken guragu da tsohuwa ba za su iya matakala ba, masu lafiyar ma da yawa ta ƙarƙashinta suke kutsawa. Sai ka koma taka birkin gaggawa a inda ba ka zaci mutum ba.