Neman kalma: me za mu kira "sewerage" da Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Akwai kalmomi uku na Turanci da ke tafiya tare a takardun ƙananan hukumomi, musamman kasafin kuɗi da tsarin birane: sewage, sewer da sewerage. Ta farko tana nufin shi kansa ruwan da ke fita daga bayi da wurin wanka da wurin wanke-wanke da masana'antu. Ta biyu ita ce hanyar da aka binne a ƙasa take ɗauke da shi. Ta uku kuwa aikin ne a dunƙule, tun daga bututun da ya fito daga gida har inda ake tace ruwan a sake shi cikin kogi. A Hausa kusan kullum duka ukun "magudanar ruwa" ake ce musu, wani lokacin ma "kwata". Ina roƙon mu zauna mu raba su. Wasunku sun riga sun kawo shawarwari da gyara da tambaya, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin damuwata shi ne, wannan aiki ne da ake cin bashin shekara talatin ko arba'in don a yi shi, kuma jama'a ne za su biya, ko ta haraji ko ta kuɗin wata. Suna da haƙƙin sanin abin da aka ce za a gina musu. Idan sanarwa ta ce "magudanar ruwa", mai saurare lambatun gefen titi zai hango, na ruwan sama. Da ya ga an haƙa an zuba siminti zai ɗauka an gama, alhali ainihin aikin yana binne, kuma wurin tacewar yana can bayan gari inda ba kowa ke zuwa ba. Kansilan da zai ɗaga hannu a majalisa shi ma da wannan kalmar zai auna abin da yake amincewa da shi.

Kalmomin da muke da su ba kaɗan ba ne, sai dai kowace tana da aikinta. Kwata a buɗe take, ga shi kuma tana karo da kwatar mahauta. Kwatami wurin da ruwan ke taruwa ya kwanta ne, mu kuwa abin da ke tafiya muke nema. Lambatu da kwalbati na ruwan sama ne. Rariya kafar da ruwa ke fita ce daga gida, iyakarta bango. Masai da salga da shadda da sokawe duk na gida ɗaya ne, kowa da nasa, in ya cika mai gida ya nemi masu kwasa. Abin da muke nema wa suna kishiyar wannan ne: gidaje dubbai sun jona da hanya ɗaya, ƙazantar ta bar unguwa gaba ɗaya.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ga shawararka ta "ruwan najasa". Kalmar tana da nauyi, kuma tana sa mutum ya ɗauki abin da muhimmanci. Abin da ya hana ni karɓa shi ne najasa tana da iyaka sananniya a fiƙihu. Ruwan wanke kwanuka ba najasa ba ne, haka ruwan da ke fita daga masana'antar rini ko ta sinadarai, amma duk suna shiga bututu ɗaya, wani lokacin ma na masana'antar ya fi wahalar tacewa. In muka ari kalmar muka faɗaɗa ta, malamai za su gyara mana, kuma da gaskiyarsu.

Hajiya, "gurɓataccen ruwa" da kika kawo daidai ne ta fuskar ma'ana, amma ya yi faɗi. Kogin da mai ya malala a cikinsa gurɓatacce ne, rijiyar da guba ta shiga ita ma haka. Yana faɗin halin da ruwa ya shiga, ba ya faɗin daga ina ya fito. "Ruwan dagwalo" kuma kwantacce ne. Ni dai na tsaya a kan "ruwan ƙazanta". Gajere ne, ba ya buƙatar bayani, ya ɗauki bahaya da fitsari da ruwan wanki da na masana'anta, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe shi a rediyo. Daga nan sauran sun zo da sauƙi: "magudanar ƙazanta" ga hanyar, "tsarin magudanan ƙazanta" ga aikin duka.

Injiniya, gyaranka ya shiga. Gaskiya ne ba ko'ina ake raba ruwan sama da na ƙazanta ba. Tsoffin birane irin Landan sun gina magudana ɗaya ga duka biyun, shi ya sa in an yi ruwa mai ƙarfi sai ta cika ta amayar da ƙazanta cikin kogin Thames, har sai da aka haƙa wani sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin don ya riƙa tare ambaliyar. Sababbin tsare-tsare galibi raba su ake yi. To sai mu ce "haɗaɗɗiyar magudana" ga irin ta farko, "keɓaɓɓiyar magudana" ga ta biyu. Wannan ma ya ƙara nuna illar kiran komai magudanar ruwa, don zaɓi tsakanin biyun nan yana cikin manyan abubuwan da ke yanke yawan kuɗin da za a kashe.

Inda na fi son mu daɗe shi ne kalmar regional, wadda ake haɗawa da sewerage in aikin ya haɗa garuruwa da yawa. Da sauri mai fassara zai rubuta "na yanki" ko "na shiyya" ya wuce. Amma yanki da shiyya da gunduma da lardi duk iyakoki ne na mulki, waɗanda aka shata a taswira. Ruwan ƙazanta kuwa gangare yake bi. Mai tsara magudana yana duba tudu da kwari ne, don ya sa ruwan ya gangara da kansa, saboda duk inda aka tilasta masa hawa sai an kafa injin turawa da zai ci wuta dare da rana har ƙarshen rayuwar aikin. Shi ya sa garin da ke sama in ya zubar, na ƙasa ne zai sha, kuma wurin da ya fi dacewa da tacewa sau da yawa yana cikin ƙasar wata ƙaramar hukumar daban.

Tarihin aikin ma haka ya nuna. A Landan, a bazarar 1858 warin kogin Thames ya kai har majalisar dokoki ta kasa zama cikin natsuwa. Shekara huɗu kafin nan likita John Snow ya danganta ɓarkewar kwalara a unguwar Soho da wani famfo guda a titin Broad. Majalisar ta ba hukumar ayyuka ta birnin baki ɗaya, wadda aka kafa da dokar 1855, izinin cin bashin fam miliyan 3, a biya da harajin peni uku da aka ɗora wa gidajen birnin na shekara 40. Injiniyanta Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai da suka bi gefen kogin suna tare ƙananan da a da ke zuba kai tsaye a cikinsa. Babu wata unguwa ɗaya da za ta iya wannan ita kaɗai. A 1866 kwalara ta sake ɓarkewa, kuma ta fi tsanani a gabashin birnin inda aikin bai kammala ba tukuna.

A Jamus, a 1899, garuruwa da kamfanonin haƙar kwal da masana'antu na kwarin kogin Emscher suka kafa ƙungiya ɗaya ta kula da ruwansu, kowane memba yana ba da kasonsa. Ƙungiyar tana nan har yau, ita ce ta gina babbar magudana mai kilomita 51 a ƙarƙashin ƙasa, kogin ya rabu da ƙazanta a ƙarshen 2021. A Amurka an kafa wa Chicago da kewayenta hukumar tsafta ta musamman a 1889. A Seattle ma masu zaɓe sun amince da hukuma irin wannan a 1958, don garuruwan da ke kewaye da tafkin Washington a lokacin duk cikinsa suke zubarwa.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: hukumomi da yawa, kowace da majalisarta da asusunta, sun yarda su gina abu guda su raba nauyinsa. Kalmar da ta faɗi wannan a wurina ita ce "gamayya". Na auna "haɗaka", amma kunne ya saba jin ta a inda ake narkewa a zama abu ɗaya, kamar haɗakar jam'iyyu, kuma wannan shi ne ainihin abin da shugabannin ƙananan hukumomi ke tsoro in aka kawo musu irin wannan shiri: kada babban birni ya haɗiye su. Gamayya kuwa, kamar yadda muke cewa gamayyar ƙungiyoyi, kowa yana nan da sunansa da kujerarsa. Saboda haka "magudanan ƙazanta na gamayya", hukumar da ke riƙe da su kuma "hukumar gamayya". In ana son a nuna iyakar ƙasar da aikin ya shafa, sai a ambaci kwarin kogin da sunansa.

Babbar hanyar da ke tattara sauran, wadda ta ratsa iyakoki, ina ganin "uwar magudana" ta dace da ita, ƙananan na cikin unguwanni kuma "rassa". Wannan rabon ba na ado ba ne, a kansa ake raba kuɗi. Abin da aka saba shi ne gamayya ta ɗauki uwar da wurin tacewa, kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki rassanta. A unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan, shirin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 ya ƙara sauko da rabon ƙasa: mazauna layi su haɗa kuɗi su gina reshen layinsu, hukuma ta ɗauki manyan hanyoyin. Mai karanta sanarwa in ya ga "uwa" da "reshe" nan take zai gane wanne ne nasa.

Sai kalmomin kuɗi. A raba "kuɗin gini" da "kuɗin gudanarwa", don na biyun ne ake mantawa: wuta, albashi, gyaran injuna, yashe bututu. Abin da mai gida ke biya sau ɗaya ranar da aka haɗa shi da reshe, mu ce "kuɗin jona", tunda kowa ya san jona wuta. Na wata-wata kuma "kuɗin magudana". A wurare da yawa ana lissafa shi ne da yawan ruwan famfon da gida ya sha, don auna abin da ya shiga gida ya fi sauƙi a kan auna abin da ya fita. Tsakanin hukumomi kuwa ana raba kaso ne bisa yawan jama'a, ko bisa mitar da aka kafa inda reshen gari ya shiga uwa, wani lokacin har da ƙarfin ƙazantar, don kada garin da ba shi da masana'anta ya biya wa mai masana'antu.

Kalmar "takardun lamuni", wato takardun da hukuma ke sayarwa don ta ci bashi, ta riga ta zauna, ba sai mun taɓa ta ba. Abin da ya rage shi ne mu nuna wa ya tsaya wa bashin. Akwai wanda harajin hukuma gaba ɗaya ya tsaya masa, akwai wanda kuɗin magudana kaɗai zai biya shi. Ina ba da shawarar "lamunin haraji" da "lamunin kuɗin shiga". Bambancin ya shafi aljihun kowa, don a na farko har wanda ba a jona gidansa ba yana biya.

Yallaɓai, ka tambayi yadda za mu fassara revolving fund. A Amurka dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta sa gwamnatin tarayya tana ba garuruwa kyautar kuɗi har kashi 75 cikin ɗari na ginin. A 1987 aka sauya salo: tarayya ta zuba kuɗi a asusun kowace jiha, jihar ta ƙara kashi 20 cikin ɗari a kai, a ranta wa garuruwa da kuɗin ruwa mai sauƙi, in sun biya a sake ranta wa wasu. 'Yan kasuwa sun riga sun ba mu kalmar, tunda juya kuɗi suke cewa. "Asusun juyi" ya isa.

Wurin tacewa kuma "matatar ruwan ƙazanta". Kada a taƙaita a ce "matatar ruwa", don wannan ta ruwan sha ce, kuma ruɗa su yana iya tsorata jama'a ba gaira ba dalili. Na san akwai mai cewa "tacewa" ba ta ɗauki aikin duka ba, tunda babban ɓangarensa ƙananan halittu ne ke cinye ƙazantar in an hura musu iska, dabarar da Ardern da Lockett suka bayyana a Manchester a 1914. Haka ne, amma matatar mai ma ba rariya ake sa wa ɗanyen mai ba, kuma kalmar ta zauna lafiya.

Ga jimlar gwaji, a karanta da ƙarfi a ji ko ta shiga kunne: "Hukumar gamayya za ta gina uwar magudanar ƙazanta da matata da rance daga asusun juyi, kowace ƙaramar hukuma ta gina rassanta, masu gidaje kuma su biya kuɗin jona."

Saura kalma ɗaya da ban gamsu da ita ba, wato sludge, abin da ke kwantawa a ƙasan tankunan matata. Dole a kwashe shi, a tsane shi, a busar, sannan a ƙona ko a binne ko a sarrafa shi ya zama taki, kuma yana cin kaso mai tsoka na kuɗin gudanarwa. Na rubuta "lakar matata" na ajiye, amma laka ba ta nuna cewa abu ne mai ruɓewa, mai ɗauke da ƙwayoyin cuta. Injiniya, ku da kuke aiki a kansa, me leburorinku ke kiransa a bakin tanki?